Shekarar da Aka Ƙi Sayen Nono

Kwanan nan zama ba ya yi mini. In na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida sai in ji kamar ana kirana a ɗaki, in na shiga ɗakin kuma sai in ji ya yi mini kaɗan. Surukata ta ce hawan jini ne, in sha magani. Na sha. Ni dai na san abin da ya hana ni sakat, kuma ba ya cikin abin da likita ke aunawa. Ya faro ne ranar da matan maƙwabta suka shigo da labarin cewa samari sun taru a kan wani saurayi a kasuwar nan ta Rano sun yi masa dukan kawo wuƙa. Wai an ga kamannin Fulani a fuskarsa, an kuma ji yana tambayar gidan wani ɗan kasuwa, sai wani ya ce infoma ne na masu satar mutane. Da aka janye shi daga hannunsu sai ga shi malamin firamare ne daga wajen Kibiya, taki ya zo saya, gidan mai takin yake nema. Ina jin labarin ina tsince shinkafa, har aka faɗi sunan kakarsa. Nan na ajiye shinkafar. Jikan Dudu ne, ƙawata ta ƙuruciya.

Yaran yanzu ba za su gane matsayin Dudu a wurina ba, domin garin da muka tashi a ciki ba shi ne wannan ba, ko da yake duwatsun suna nan inda muka same su. A lokacin ba ƙarar babur ke tada mutum ba. Kiran salla ne, sai ka ji guga ta faɗa rijiya, sai luguden taɓarya ya ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, har mutum yakan gane matar da ke daka daga jin sautin turminta. Innarmu fura take yi ta sayarwa, ni ce kuwa 'yar hannunta. Ni ke surfe, ni ke bakace, in wanke gero in tsane shi, mu daka da citta da kanumfari, ta cura ta jefa a tukunya, in ya dahu mu kirɓa har kafaɗuna su yi tsami. Sannan mu zauna mulmula, ana barbaɗa gari, ƙannena suna zagaye mu suna jiran wadda za ta fashe a ba su. Kafin hantsi ya dubi ludayi sai ka hango matan Fulani sun ɓullo ta hanyar Zurgu a jere, ƙwarya bisa ƙwarya, faifai a rufe, awarwaro na kaɗawa a hannu. Mahaifiyar Dudu, wadda duk gidanmu ke kira Goggo, a zaurenmu take fara sauke kaya. Ta sha ruwa, ta bar wa Inna man shanu ɗan dunƙule, Inna ta ɗaura mata daddawa ko kuka a gefen zane. Daga nan a haɗa ni da Dudu mu nufi kasuwa, ni da furata, ita da nononta, mu zauna a inuwar tsamiya kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya zo, ni zan ba da fura, ita za ta dama. Tana kirana Kaɗo, ina kiranta 'yar Fillo, kuma ba wanda ya taɓa jin zafi. Ita ta koya mini kitson da ake saukowa da shi ta gefen kunne, ni na koya mata cin ƙosai da yaji har hawaye ya zubo mata.

Ba zan yi ƙarya in ce zamanin nan namu babu saɓani ba. Kowace kaka sai an yi rigimar shanu da gona. Mutanen gari suna cewa Bafulatani wayo gare shi kamar dila, su kuma suna cewa mu surutu da ci ne kawai aikinmu. Sai dai wanda kake zagi a lokacin ka san sunan ubansa, ka san rugar da yake kwana, kuma ka san gobe za ku haɗu a sahu ɗaya a masallaci. Kakarmu ta wajen uba takan ce harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba a taɓa jin wanda ya yi fushi ya bar wa ɗan'uwansa bakin ba.

Shekarar da nake son ba da labarinta, na fara zama budurwa. An yanke gero, ba a gama kwashe zangarniya daga gona ba, sai yayana ya je ya tarar da shanu a cikin gonarmu. Yayan Dudu ne ke kiwonsu. Yayana mutum ne mai saurin hannu. Maimakon ya kora su ya kai ƙara, sai ya sari wata saniya da lauje a ƙafa. Yayan Dudu kuwa ya ɗaga sanda ya sauke masa a gefen kai. Baba da kansa ya ɗauko shi daga gonar, jini ya jiƙa masa riga har baya. Ya daɗe a kwance. Da ya tashi, kunnensa na hagu ya mutu, bai sake ji da shi ba har ya bar duniya. An je gaban alƙali, an yi hukunci, an biya abin da aka yanke, kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Ba wanda ya yi shela, ba dagaci ba, ba liman ba, amma sai gari ya daina sayen nono. Matan ruga su zo da safe, su zauna, rana ta take, su ɗauki kayansu su koma yadda suka zo da su. In wata ta leƙa gida ta yi sallama sai a ce mata an ƙoshi. Yara suka fara binsu da waƙar tsokana. Goggo ta daina biyowa ta zaurenmu, Inna kuma ba ta ce a kira ta ba. Ta ci gaba da yin fura kaɗan, tana aike ni talla gida-gida, mutane suna damawa da ruwan tsamiya suna sha suna yamutsa fuska, ba wanda ya yarda ya ce bai ji daɗi ba. Gidanmu ya yi shiru irin wanda ban saba ba. Ni kuwa abin duniya ya ishe ni. Ina jin zafin abin da aka yi wa yayana, ni ke wanke masa tsumman rauni, amma kuma in na kwanta da rana Dudu nake gani.

Wata ranar kasuwa Inna ta ɗora mini fura ta ce in zaga unguwa. Na fita, ƙafata ta ƙi bin unguwa. Ban shirya komai ba, na dai ce bari in hango ta daga nesa. Na same ta a gindin tsamiyar nan ita kaɗai, sauran matan sun ja can gefen kasuwa sun haɗa kai. Ƙudaje sun rufe faifanta, ta ƙura wa ƙasa ido. Sai kawai na ga na sauke ƙwaryata a inda na saba saukewa, na zauna.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Tashi, Kaɗo. Za a dake ki."

Na ce, "A dake ni."

Can ta ce a hankali, "Yaya jikin nasa?"

"Ya fara zama. Kunnen ne ba ya ji."

Ta ɗauki faifai ta kare fuskarta, na ga kafaɗunta suna rawa. Sai na shiga kore mata ƙudaje.

Kasuwa ba ta ɓoye abu. Kafin wani lokaci mutane sun fara tsayawa suna kallonmu, ana nuna ni da baki. Baffana, ƙanin Baba, yana sayar da hatsi a can ɗaya ɓangaren. Sai ga shi ya taho yana tattare riga.

"Ke, 'yar gidan uban wa ce ke? Jinin ɗan'uwanki bai bushe a gona ba kin zo kin zauna da su? Tashi kafin in karya ki."

Na kasa tashi. Ba taurin kai ba ne, ƙafafun ne suka ƙi. Ya ɗaga hannu, wata tsohuwa mai sayar da kuka ta riƙe masa riga ta ce ya bari ubanta ya zo, tun da an tafi kiransa.

Baba mutum ne marar yawan magana. In damina ta wuce ɗinkin hula yake yi a ƙofar gida, yakan yini bai ce uffan ba. Da na hango shi ya ratso mutane, allura tana soke a gaban rigarsa, na sadaƙar yau sai na kwana da ciwon jiki. Ya tsaya a kanmu ya daɗe yana kallo. Ya dube ni, ya dubi Dudu, ya dubi ƙwaryar nonon da ko ludayi ɗaya ba a ɗiba ba. Sannan ya tsuguna.

"Dudu, ina innarki?"

"Tana gida, Baffa. Kunya ta hana ta fitowa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Dama mini."

Ta ɗaga ido ta dube shi kamar ba ta ji Hausa ba. Na ɗauki fura na saka mata a ƙoƙo. Ta zuba nono, ta dama, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya yi bismilla ya kafa kai.

Baffana ya ce, "Yaya, ɗanka fa yana kwance."

Baba ya sauke ƙoƙon ya goge gemu. "Na sani. Ni na ɗauko shi. Wanda ya doke shi alƙali ya yi masa hukunci, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan yarinyar kuwa wa ta doka?" Ya juya ga Dudu. "Ki gaya wa innarki gobe ta biyo ta gida, ana nemanta."

Ya miƙe ya tafi bai ko dube ni ba. Da na koma gida ya kira ni zaure, na durƙusa. Ya ce, "Kada ki sake sa ni a tsaka mai wuya a gaban jama'a." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na lura tuwon da aka kai masa ranar bai taɓa shi ba.

Washegari Goggo ta zo. Ta tsaya a bakin zaure ta kasa shigowa, sai da Inna ta fita ta kamo hannunta. A hankali gari ya koma shan nono, wannan gida yau, wancan gobe, kowa yana yi kamar bai taɓa dainawa ba. Amma abin bai tafi a banza ba. Baffana ya ɗauke ƙafa daga gidanmu har sai da wata salla ta zagayo. Yayana bai sake kai nono bakinsa ba, kuma tsakanina da shi ba a koma daidai ba. Ko da aka kai ni ɗakin miji bai zo ganin ɗaki ba. Yayan Dudu ya kora shanunsa ya yi kudu, ba a sake ganinsa ba. Dudu ta yi aure a wani ƙauye bayan Kibiya, mijinta ya kama noma, suka gina gidan ƙasa suka zauna. Muna haɗuwa a suna da biki da ta'aziyya, har tsufa ya rage mana zirga-zirga.

Yanzu nono a bokitin roba yake zuwa, wani ma a leda daga kanti, ba ka san saniyar ba balle mai ita. Gari ya faɗaɗa, an yi sababbin unguwanni, mutane daga ko'ina, kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe. In baƙo ya zo neman haya sai an fara tambayar wane yare ne. Ban ce tsoron da mutane ke ji na banza ba ne. Ana satar mutane a ƙasar nan, ɗan'uwan surukata ma an tare shi a hanya, da ƙyar ya dawo. Amma tsoron da ne yake da fuska, na yanzu ba shi da ita. Jikana, wanda ke gyaran waya a Kano, ya zo hutu kwanakin nan. Yakan zauna kusa da ni ya kunna muryar wani mutum a waya yana ta kumfar baki, wai Hausawa daban, Fulani daban, wai an daɗe ana cutarmu.

Ya ce, "Hajiya, ku ne kuka bari suka raina mu."

Na ce, "Su wa?"

"Su mana."

"Faɗa mini sunan mutum ɗaya da ya raina ka."

Ya yi dariya ya ce ba zan gane ba. Na ce to shi mai maganar ɗan wane gari ne, wa ya haife shi? Ya ce bai sani ba, turo masa aka yi. Na dube shi, na dubi dogon hancin nan nasa na kakarsa ta wajen uwa, Bafulatana wadda har ta rasu Hausarta ba ta gama miƙewa ba.

Da na ga zaman ya gagare ni, wata safiya na yafa mayafi na ce masa, "Mai gidana, tashi ka kai matarka unguwa." Ya tambayi ina, na gaya masa. Sai ya shiga kawo dalilai, hanya ba kyau, babur ba mai. Na ce to zan tafi a ƙafa, in na faɗi a hanya a ce jikana yana gida yana danna waya. Ya tashi ya fito da babur.

Mun same su gidan ya yi tsit. Babban ɗan Dudu yana zaure, mutumin da na goya yana jariri. Ya gaishe ni da ladabi, amma gaisuwar ba ta da ɗumi, kuma bai miƙa wa jikana hannu ba. Na wuce ciki. Dudu tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame, idanun sun yi fari, ba ta gani sai inuwa. Na tsaya a gabanta, sai na ji ɗan Fulatancin da na tsinta a bakinta tun muna yara ya dawo mini.

Na ce, "A waali jam?"

Ta ɗaga kai. "Jam. Wace ce?" Ta laluba ta kamo hannuna, ta shafa shi har gwiwar hannu. "Kaɗo? Ke ce?"

Muka rungume juna muka yi kukanmu na tsofaffi, wanda ba ya da ƙara. Na ci gaba da gaishe ta da Fulatanci, ina tambayar gida da jiki da yara, tana amsawa tana gyara mini inda na karkace. Saurayin da aka daka yana kwance a tabarma daga cikin ɗakin, fuska a kumbure, hannu ɗaya a ɗaure da kara. Ya ɗago da ƙyar ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kaka, me take cewa ne?"

Dudu ta yi wata 'yar dariya ta katse ta. Ta ce, "Kin ji ko? Wanda aka daka don shi Bafulatani ne ke nan. Ko gaisuwa bai iya ba."

Jikana yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Dudu ta ga inuwarsa ta tambayi wane ne. Da na gaya mata ta ce ya matso. Ya durƙusa, ta dafa kansa ta yi ta sa masa albarka, tana cewa Allah ya tsare shi daga sharrin mutanen zamani. Na ga ya runtse ido.

Kafin mu tafi ɗanta ya shigo ya zauna nesa kaɗan. Ya ce, "Inna, gara ki ji daga bakina. In an girbe dawa za mu sayar da gonar mu tashi. Za mu koma wajen dangin matata, inda muke da yawa. A nan aka haife ni, ban san wani gari ba. Amma yau hannu ne, gobe ban san mene ne ba."

Na ce ya yi haƙuri, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ya ce ya sani, amma ranar kasuwar cike take da mutanen kirki, kuma suna tsaye. Na dubi Dudu. Ta ce, "A nan aka binne mijina da 'ya'yana biyu. Amma makauniya ba a tambayarta hanya."

A hanyar dawowa jikana ya tsayar da babur a gefen wata gona ya kashe. Bai juyo ba ya ce, "Hajiya, ina wurin ranar. Ban taɓa shi ba, wallahi. Na dai tsaya ina ɗauka a waya." Duk abin da zan faɗa masa ya riga ya ji shi a ƙarƙashin hannun Dudu. Bayan kwana biyu ya fita da sassafe bai gaya wa kowa ba. Daga baya na ji can ya koma, ya ɗauki saurayin ya kai shi asibiti aka duba hannun. Na ji daɗi, amma na aika a tambayi ɗan Dudu ko ya sake shawara, aka ce mini yana nan a kan bakansa, har an fara zuwa ganin gonar.

Shi ya sa na kasa zama. Da la'asar nakan dogara sanda in fita bayan gida, inda gonakin unguwarmu suka fara. Tun ina yarinya ban san abin da ke faranta rai kamar ganin dawa ta fitar da kai ba. Bana ta yi kyau ƙwarai, kowa yana hamdala, kawunan sun fara nauyi suna sunkuyawa. Jiya na kamo ɗaya na murza a tafin hannuna, na ji ƙwayar ta fara tauri.